An ba ɗan takara makirufo, an mayar da 'yar kwaya bencin baya

Wata Lahadi, ana saura 'yan makonni zaɓen 2023, mun shafe kusan awa huɗu a sujada. Ba wa'azi ne ya yi tsawo ba. Muna cikin waƙa ta biyu sai muka ji jiniya a bakin ƙofa, motoci masu baƙin gilashi suka cika harabar majami'a har suka tare hanyar da yara ke bi zuwa ajinsu na Lahadi. Nan da nan masu tsaron ƙofa suka tashi tsofaffi mata uku daga bencin gaba, waɗanda tun ina yaro nan ne wurin zamansu saboda kunnensu ya yi nauyi, aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka zaunar da ɗan takara da jama'arsa.

An ce mana godiya ya zo yi wa Ubangiji. Ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, ban taɓa ganinsa a jana'izar kowa a unguwarmu ba. Aka miƙa masa makirufo, ya yi minti ashirin da biyar. Ya ce zai ba da siminti buhu ɗari biyu don ginin sabuwar majami'a. Zumuntar Mata suka rangaɗa guɗa. Baba Fasto ya ɗora masa hannu a ka ya yi addu'a, da ya gama ya juyo ya ce mana, "Jama'ar Allah, wannan namu ne. Mai kunnen ji, ya ji."

Bayan sun fita, ƙurar motocinsu ba ta gama kwanciya ba, sakatare ya tashi karanta sanarwa. Abu na huɗu a takardarsa shi ne majalisar dattawa ta dakatar da wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙa, wato kwaya, har wata uku, kuma za ta riƙa zama a bencin baya. Laifinta, an ga bidiyonta a TikTok tana taka rawar wata waƙar Hausa a bikin ƙawarta. Yarinyar tana zaune cikin rigar kwaya sa'ad da aka karanta sunanta. Ta tashi, ta tuɓe rigar, ta ninke, ta ajiye a kan benci, ta koma baya.

Abin nan ya daɗe yana cina, kuma ra'ayina a kai shi ne: mu Kiristocin Arewa mun sa rigar a baibai. Inda ya kamata a gan mu kullum, wato cikin jam'iyya a mazaɓa, da cikin waƙa da fim da duk abin da yaranmu ke kallo, mun ƙaurace mun ce na duniya ne. Inda kuma ya kamata mu tsare kamar ƙwayar ido, wato mumbari, mun buɗe shi ga duk wanda ya zo da jiniya. Na faɗi haka a gaban dattawa, na faɗa a zauren shayi, kuma na sha amsoshi iri-iri. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Siyasa ƙazanta ce, mai bi ba ya shiga"

Da wannan aka raine mu. In saurayi ya yanki katin jam'iyya sai a fara yi masa kallon wanda ya ja da baya. In dattijon ikilisiya ya ce zai tsaya kansila, sai a ce to ya ajiye dattijantakar tukuna, kamar wanda ya ce zai buɗe gidan giya.

Abin mamaki, kakanninmu ba haka suka yi ba. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, Kirista ne ɗan Wusasa, kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPC a 1951. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi karatu a Wusasa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya tsaya mataimakin Azikiwe a zaɓen 1979, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje. Fasto David Lot na ƙasar Filato yana limanci yana jagorantar siyasar tsakiyar ƙasa tun kafin 'yancin kai. Ba wanda ya ce waɗannan sun rasa sama saboda sun zauna a majalisa. Littafin da muke riƙewa ma cike yake da ma'aikatan gwamnati: Yusufu a fadar Fir'auna, Daniyel a Babila, Nehemiya mai miƙa wa sarki ƙoƙon sha.

Kuma ga abin da masu wannan magana ba sa lura da shi. Ranar zaɓe ba ita ce ranar da ake zaɓe ba. An riga an gama a zaɓen fid da gwani. A 2022, wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ne ya fitar wa PDP ɗan takarar shugaban ƙasa, APC kuma wakilai uku-uku. Ƙananan hukumomi 774 ne. Ka lissafa da kanka, mutane 'yan dubbai ne suka tsara wa masu rajista miliyan 93 abin da za su tarar a takardar ƙuri'a. Su waɗannan wakilan daga ina suke fitowa? Daga mazaɓu, waɗanda ƙasar nan ke da 8,809, inda ake taro a ƙarƙashin bishiya ko a shagon wani, ba kyamara ba jiniya.

Na taɓa zuwa irin wannan taro a mazaɓarmu, don in gani da idona. Mu ashirin da uku ne a kan benci biyu da tabarma. Daga majami'armu mai mutum sama da ɗari shida, mu biyu ne, ni da wani mai gyaran babur wanda ma ba a cika ganinsa a sujada ba. Cikin minti arba'in aka raba muƙamai. Bayan wata shida mutanen majami'armu suna kuka wai jam'iyyu ba su fitar da mai tsoron Allah ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

"Ai danne mu ake yi, dole mu haɗa kai"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba, don ni ma a cikin ɗakin nake, na san inda yake yoyo.

Akwai garuruwa a Arewa da ikilisiya za ta shekara da shekaru tana neman takardar fili ba ta samu ba. Akwai makarantun gwamnati da yaran Kirista ba su da malamin addininsu. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a 2014 akasarinsu 'ya'yan EYN ne, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Leah Sharibu tana cikin waɗanda aka ɗauke a Dapchi a 2018, aka sako sauran aka riƙe ta. An kashe Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022. Ƙauyuka a Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai sun binne mutane a kabari ɗaya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Saboda haka da Tinubu ya ɗauki Shettima a matsayin mataimaki, Musulmi da Musulmi, bayan El-Rufai ya yi irin haka a Kaduna a 2019, mutane da yawa sun ji kamar an ce musu ba a bukatarsu a lissafi. Wanda ya ce wannan jin ba shi da tushe, bai zauna da mu ba.

Tambayata ita ce, maganin da muke sha yana warkar da ciwon?

Tun 1999 duk gwamnan da aka zaɓa a Filato Kirista ne. Haka Binuwai, haka Taraba. In da "namu ne" tana biyan albashi, da malaman firamare da 'yan fansho na Binuwai ba su yi watanni suna bin bashi ba. Jolly Nyame rabaran ne, ya mulki Taraba, kotu ta ɗaure shi a 2018 kan kuɗin jama'a. Joshua Dariye na Filato shi ma a shekarar aka ɗaure shi. Sai a 2022 aka yi musu afuwa. Kuɗin da aka yi shari'a a kansu na jihohin da majami'u suka cika ne, na asibitin da matan Zumunta ke haihuwa ne, na hanyar da mai bishara ke bi da babur zuwa ƙauye. Ba wani baƙo ne ya zo daga nesa ya ɗiba ba.

Sannan haɗin kan da ake cewa, a kan wa? A zaɓen 2023 Peter Obi ya ci Filato da Nasarawa da Abuja. Amma Binuwai, jihar da kusan kowa Kirista ne, Tinubu ne ya ci ta, da ƙyar dai, amma ya ci. Babban daraktan yaƙin neman zaɓensa kuwa Simon Lalong ne, ɗan Katolika, gwamnan Filato a lokacin. Wasu 'yan'uwa a Adamawa da Taraba Atiku suka bi, suna da dalilansu. Duk waɗannan suna cin jibin Ubangiji.

To ranar da fasto ya tsaya a mumbari ya nuna mutum ɗaya ya ce shi ne zaɓin Allah, me ya mayar da wanda ke zaune a benci na biyar da katin wata jam'iyya a aljihu? Ya mayar da shi Yahuza. A majami'armu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da ya yi shekara talatin yana koyar da ajin baftisma. Saboda an san jam'iyyarsa, yara matasa suka riƙa kiransa mai sayar da Yesu a rukunin WhatsApp na ikilisiya. Ya daina zuwa addu'ar safe. An gama zaɓe, 'yan takarar sun sha shayi tare a Abuja, wasunsu ma sun sauya sheƙa sun koma jam'iyyar da aka ce ta Shaiɗan ce. Shi kuwa dattijon nan har yau a ƙofa yake zama, ana gama albarka ya fice.

Akwai kuma lissafin da ba ma so mu yi. A yawancin jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas mu ne marasa rinjaye. Wanda ba shi da yawa, in ya mayar da zaɓe ƙidayar addini, ya faɗi tun kafin a buɗe akwati. Abin da ke fisshe shi shi ne ƙawance, ya nemi maƙwabcinsa a kan abin da ya dame su tare. Manomin Birnin Gwari da na Kajuru ɗan bindiga ɗaya ne ya hana su noma. Mutanen Zamfara da Katsina da Borno sun binne nasu su ma, kuma Musulmi ne. Patrick Yakowa bai ci zaɓen gwamnan Kaduna a 2011 da ƙuri'ar majami'a kaɗai ba.

"Su ma ai suna yi a masallatai"

Wasu suna yi, na ji da kunnena. Akwai kuma malamai da limamai da suka ƙi, na san su. Amma laifi tudu ne. Ni dai ba a ba ni amanar mumbarin kowa ba sai na gidanmu. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 92, ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada, ba ta ware coci ko masallaci ba. Mu da muke karanta wa mutane Romawa 13 a kan biyayya ga hukuma, ban ga yadda za mu tsallake wannan ba don kawai maƙwabci ya tsallake.

"To fasto ya kama bakinsa ke nan?"

Ko kusa. Wannan ce ma amsar da Baba Fasto ya ba ni da na same shi a gida bayan kwana biyu. Na durƙusa na gaishe shi, Mama ta kawo kunu, na ce, "Baba, abin da ya faru ran Lahadi bai kwanta mini ba." Ya ce, "Ɗana, makiyayi yana ganin kura ya yi shiru?" Na ce, "Baba, ai ba kura ka nuna mana ba, wani ka nuna ka ce mu bi shi." Ya yi dariya ya ce yaran zamani akwai baki. Ban ji daɗin yadda na faɗa ba, don mutum ne da ya binne mahaifina, amma ban janye ba.

Faɗin gaskiya ga mai mulki daban, tallan ɗan takara daban. Natan ya shiga fada ya ce wa Dawuda kai ne mutumin. Yahaya Mai Baftisma ya gaya wa Hirudus abin da ya jawo aka sare kansa. Amos ya yi ta kuka a kan masu sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. Ba ɗayansu da ya karɓi siminti. A gefe guda kuma akwai annabawa ɗari huɗu na Ahab da suka haɗa baki suka ce wa sarki ya tafi yaƙi zai yi nasara, Mikaiya kaɗai ya ƙi, aka mare shi aka jefa shi kurkuku. Kafin zaɓen 2023 mun ji annabce-annabce iri-iri a intanet, kowa da wanda Allah ya nuna masa a mafarki. Mutum ɗaya aka rantsar. Ban ji wanda ya dawo ya ba jama'a haƙuri ba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Faston da ya karɓi mota daga gwamna, ranar da aka kashe mutane a ƙauye kuma gwamnan bai leƙa ba, da wane baki zai yi magana? Ko ya yi, wa zai saurare shi? Bishop Matthew Kukah na Sakkwato ya caccaki gwamnatin Buhari a saƙonsa na Kirsimetin 2020, ƙasa ta ɗauka, wasu suka ji haushi ƙwarai. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, maganarsa ta yi nauyi ne don ba a taɓa ganinsa a kan motar kamfe yana ɗaga hannun wani ba. Shi ne kuma ke zama da Janar Abdulsalami a kwamitin da ke sa 'yan takara su sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya.

'Yan Katolika ma suna da doka a kan wannan. Da Fada Hyacinth Alia ya fito takarar gwamnan Binuwai, bishop ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga yin hidimar coci a gaban jama'a a 2022. Ya ci zaɓen, amma ba a bagade ya yi kamfe ba. Ina ganin akwai hikima a nan. Kana son siyasa, shiga, Allah ya ba da sa'a, amma ka sauko daga mumbari tukuna.

Abin da nake so in ji daga mumbari shi ne: ku je ku yanki katin zaɓe, kada ku sayar da ƙuri'a a kan taliya da atamfa, ku tambayi kansila ina kuɗin rijiyar burtsatse, kada ɗana ya zama ɗan daba ga kowa. A zaɓen 2023 mutum miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Aikin wa'azi a nan ma bai ƙare ba.

Yanzu ga yarinyar

Dattawan da suka dakatar da ita sun ce waƙar duniya ce. Na nemi bidiyon na kalla. Daƙiƙa talatin da wani abu ne. Tana sanye da anko, da ɗankwali, tsakiyar ƙawaye, amarya na gefe tana dariya. Waƙar ta soyayya ce irin wadda ake sawa a kowane biki daga Kano har Jalingo, mai kiɗan fiyano, ba zagi ba batsa.

Na tuna labarin da kakata ke ba mu. A zamanin Turawan mishan, a wurare da yawa ganga ba ta shiga majami'a, wai kayan tsafi ce. Waƙoƙin Turawa aka juya zuwa Hausa, ana rera su a tsaye ƙiƙam kamar sojoji. Matan Zumunta ne suka shigo da tulu da kacau-kacau da muryar da suke daka da ita, ana harararsu, suka ƙi bari. Yau in Zumuntar Mata ba su yi waƙa ba sai a ce sujada ba ta yi armashi ba. Abin da aka kira na duniya jiya, shi ne yau muke kira namu na gado. Uwar yarinyar nan ma ita ce mai buga tulu.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Matar dattijon da ta fi kowa tsanani, ƙarfe takwas na dare tana gaban Arewa24, ko tana kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, ta san sunan kowane jarumi. Babu laifi a ciki. Laifin shi ne a kalla a falo da dare, a hukunta a majami'a da safe.

Ni abin da ya fi damuna ma ya wuce wannan. Tun 1932 aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa. Hausa ce harshen sujada ga Birom da Ngas da Bajju da Tangale da Bura da wasu ƙabilu da yawa, ban da Hausawa Kirista na Zariya da Kano da Katsina da Maraɗi waɗanda ba su da wani harshe sai shi. Miliyoyin mutane ne. Amma ka zauna ka kalli finafinan Hausa, sau nawa ka ga gidan Kirista a matsayin gida kawai, da uwa da uba da rigimar kuɗin makaranta? Sau da yawa in an sako mu, to mutum ne mai gurɓatacciyar Hausa da aka kawo don a yi dariya. Muna jin haushi, muna cewa ba a san mu ba. To wa zai ba da labarin? Hukumar finafinai ta ƙasa da makarantarta a Jos suke, a tsakiyarmu. Yaron da ya ce zai je ya koyi fim, mu ne na farko da za mu ce ya lalace.

A waƙa mun ɗan taɓuka. Panam Percy Paul da Solomon Lange da Jeremiah Gyang sun nuna cewa ana iya rera Hausa da kayan kiɗan zamani har wanda ba ya zuwa coci ya saurara. Amma mun yarda da su ne muddin kowane baiti akwai sunan Yesu a ciki. Wanda zai yi waƙar auren fari, ko ta tsadar taki, ko ta uwar da ɗanta ya tafi aikin soja bai dawo ba, ba mu da wurin ajiye shi. Sai ya zaɓa, ko kwaya ko "duniya". Alhali Waƙar Waƙoƙi tana cikin Littafin da ke hannunmu, Zabura kuma cike take da kukan mutanen da aka zalunta. Bulus da ya tsaya a Atina, baitin mawaƙan Helenawa ya jawo ya kafa hujja da shi, wato ya san waƙoƙinsu.

'Yan siyasa sun fi mu gane wannan. Sun san waƙa ɗaya mai daɗi ta fi taro goma, shi ya sa mawaƙi irin Rarara ya zama abin da ya zama. Ɗan takaran da ya zo mana ma da tasa waƙar ya zo, tana tashi daga lasifikar wata mota a bakin ƙofa tun kafin a gama albarka. Kiɗan fiyano ne, irin na bidiyon yarinyar sak. Matasa suka fita suna rawa a harabar majami'a, dattawa na kallo suna murmushi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar dakatarwar, waƙar ce ƙarar wayarsa har bayan zaɓe.

"Wato babu iyaka ke nan?"

Akwai. Wasu waƙoƙin ba zan so 'yata ta rera su ba, wasu abubuwan da ake yi a TikTok kuma ko ba addini kunya ta isa ta hana. Ikilisiya tana da ikon horo, ban musa ba. Amma mudun da aka auna yarinyar da shi, a auna mai jiniya da shi. Wa ya tambaye shi inda ya samo kuɗin siminti? Wa ya tambaye shi yaran da ke bayan motarsa da jajayen idanu, me aka ba su suka sha? Wasiƙar Yaƙub sura ta biyu ta yi maganar mai zoben zinariya da aka ba wuri mai kyau, aka ce wa matalauci ya tsaya can. Mun karanta ta sau da yawa a wannan majami'ar. Ran nan mun yi ta a aikace, har da farin ƙyalle.

Kuma in horo gyara ne, da sai wata uwa a Zumunta ta kira ta gefe ta ce, "'Yata, zo mu yi magana." Ba a karanta sunan budurwa a gaban mutum ɗari shida a kan rawar biki ba.

Wata ukun ya cika, ba ta koma kwaya ba. Daga baya na ji ta tafi Jos wurin 'yar uwar babanta, tana yin amshi a wani situdiyo, waƙar biki da ta talla da ta bishara, duk wadda aka kawo. Ɗan takaran ya ci zaɓensa. Ba mu sake ganinsa ba, sai hotonsa a kalandar da ke rataye a ofishin ikilisiya.

Bara na gamu da ita a tasha, tana jiran mota ta cika. Ta rusuna ta gaishe ni, "Kawu, ina wuni, ya su Mama?" Muka taɓa hira, na tambaye ta ko tana zuwa sujada a can, ta ce tana zuwa, amma ba ta shiga ƙungiyar komai ba. Har ɗan kamasho ya fara kiran fasinja sai ta juyo ta ce, "Kawu, an gama ginin kuwa?"

Na ce mata buhu arba'in aka kawo, ginin yana nan a linta.